Sunan da Hadimai Ba Sa Faɗa

Da sunan Allah, Mai rahama, Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halicci mutum Ya sanar da shi sunayen abubuwa, Ya sanya 'ya'ya suna ɗaukar kamannin iyaye da halayensu, alhali Shi bai gaji kowa ba, kuma gare Shi komai zai koma. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama da alayensa da sahabbansa. Ya Ubangiji, Ka daidaita mini harshe, Ka tsare alƙalamina daga ƙari da ragi.

Bayan haka, da hantsin wata Litinin, a shekara ta dubu ɗaya da ɗari biyar da talatin da takwas bayan Hijira, hadimar kira tana tsaye a zauren jira na Asibitin Gaɓa, a Birnin Dausayi, birnin da aka gina a bakin Tafkin Chadi bayan ruwansa ya dawo. Na'ura ce fara, tsayinta ya kai na mace matsakaiciya, tana tafiya a kan tayoyi, tana da hannu biyu da kai mai juyawa. Mutum wajen ɗari uku ne a zauren, kuma babu ma'aikaci ɗan Adam ko ɗaya a cikinsa, domin da wannan aka yi wa asibitin kirari ranar da aka buɗe shi.

"Malama Yagana, ɗaki na bakwai," in ji hadimar, da muryar mace mai sanyi. Wata mata ta tashi. Aka kira na biye, shi ma ya tashi. Da ta zo kan suna na uku sai ta yi shiru. Ta sunkuyar da kai, ta juya hagu inda babu komai sai bango, ta ce a hankali, "A kira min mutumin nan." Ta jira kaɗan, ta maimaita har sau uku, sannan ta ɗago ta ci gaba da kiran wasu.

Mai sunan yana can benci na ƙarshe. Wani tsohon masunci ne, Malam Ukasha Maitaru, kunnensa ya yi nauyi, ya zo wankin ƙoda. Ya zo ranar Asabar ya zauna har magariba ba a kira shi ba, ya koma gida. Ya dawo Lahadi, haka. Mutum ne da ba ya son ya dami kowa, kuma ko da yana so, babu wanda zai tambaya. Ranar Litinin ɗin, ana kiran azahar, ya zame daga kan benci ya faɗi. Allah Ya sa da sauran kwana a gaba, marasa lafiya 'yan uwansa suka ɗauke shi suka ruga da shi ciki.

Washegari majalisar birni ta aika wa babban injiniyan hadimai da takarda. Shi ma sunansa Ukasha, mutum ne ɗan shekara hamsin da biyu, kuma shi ya rubuta umarnin da hadimar kira take aiki da shi. Takardar ta ce: an ba shi zuwa la'asar ɗin Alhamis ya gano inda cutar take. In bai gano ba, za a goge Ajin Tushe gaba ɗaya, a ɗora wani da wani kamfanin ƙetare ya daɗe yana tallatawa.

A nan ya kamata in tsaya in bayyana wa mai karatu abin da ake nufi da Ajin Tushe, domin a kansa labarin yake. Masu rubuta wa na'ura umarni ba sa rubuta wa kowace na'ura nata daban. Suna rubuta abin da suke kira aji, wato kamar akwatin da ake buga bulo da shi: akwati ɗaya, bulo dubu, duk kamarsu ɗaya. A cikin aji ake zayyana ɗabi'un na'ura, yadda za ta yi tafiya, yadda za ta miƙa abu, yadda za ta yi kira. In ana son sabon nau'i, ba a komawa farko. Sai a rubuta sabon aji a ce ya gaji na da. Da an faɗi haka, duk ɗabi'un na farko sun sauko cikin magajin ba tare da an sake rubuta su ba, sai a ƙara masa abin da ya keɓanta da shi. Magaji yana da ikon ya sake wata ɗabi'a da ya gada, sai fa wadda aka buga wa hatimi. Wannan ba ta sakuwa, haka za ta sauka daga aji zuwa aji har jikan jika.

Hadimai dubu arba'in ne a Birnin Dausayi. Akwai na tasha, na kasuwa, na makaranta, akwai masu kula da tsofaffi a gidaje, kuma dukkansu aji ɗaya suka gada, shi ne Tushe. Daga gare shi suka koyi yin sallama a ƙofa su jira izini, da miƙa abu da hannun dama, da rusunawa in za su ba dattijo ruwa, da kaucewa gefen hanya su tsaya cik in an zo wucewa da gawa. Muryar da suke magana da ita ma daga can take. Wadda ta rubuta Tushe, ta kuma ba shi muryarta, ita ce Injiniya Ramlatu, wadda ta rasu shekara shida kafin wannan lokaci. Ita ce mahaifiyar Injiniya Ukasha, kuma shi ne ɗanta na fari.

Abokiyar aikinsa, Injiniya Falmata, Babarbariya ce, shi kuwa asalinsu Fulani ne, saboda haka ba a raba su da tsokanar juna ko da gini zai faɗo musu. Ta karanta takardar majalisa ta ajiye.

"To, ɗan Fulani, ka ga abin da nake faɗa maka? Har na'ura ta ji sunanka ta tsere. Ta ɗauka za ka sa ta kiwo."

"Ke dai ki zauna mu yi aiki, baiwata. Sunan ya zo daidai ne kawai."

"Wa ke baiwar wa? Kakanka da sanda ya zo garinmu yana neman wurin shayar da shanu." Ta jawo kujera ta buɗe allon kwamfuta. "Amma tsakani da Allah, ka bincika sunan a cikin Tushe?"

"Na bincika. Layi dubu ɗari biyu ne, na sa an lalube su kaf. Babu sunan ko sau ɗaya."

Suka duba littafin da hadimar take rubuta ayyukanta. A gaban sunan masuncin, kwana uku a jere, abu ɗaya ta rubuta: an miƙa kira. Ba ta ce ta kasa ba, ba ta ce ta manta ba. A wurinta aiki ya kammala. Suka kalli hoton bidiyon zauren, suka ga sunkuyawar da juyawar da maganar da take yi wa bango. Ukasha ya gwada sake ɗabi'ar kira a cikin nasa ajin, na'ura ta ƙi karɓa, ta ce akwai hatimi.

Da yammacin Talata ya yi, ya ture allon ya ce, "Su goge. Wataƙila ma lokacinsa ya yi."

Falmata ta dube shi. Wannan karon ba ta yi dariya ba. "Aikin mahaifiyarka ne, shekara talatin. Ka san abin da za su kawo? Na gan shi a baje koli. Yana faɗa wa mutum ɗaki babu sallama, ya miƙa maka magani da duk hannun da ya fi kusa. Kakata hadima ce take yi mata wanka, Ukasha. Tana rufe mata jiki da zane kafin ta juya ta."

"Na sani."

"Ka taɓa karanta Tushe kuwa? Ba lalube ba, karatu."

Gaskiyar magana ita ce bai taɓa ba. Jerin sunayen ɗabi'un kawai yake dubawa ya ɗauki wadda yake so, kamar mai cin amfanin gonar gado bai san inda iyakarta take ba. Dalilin haka tsoho ne. Tun da aka yaye shi aka miƙa shi ga ƙanwar mahaifiyarsa, Iya Hansatu, ita ta riƙe shi, har ya tashi yana kiran mahaifiyarsa Adda, wato yaya, kamar yadda ya ji Iya tana kiranta. Ƙannensa kuwa mahaifiyar tana kiran sunayensu, tana wasa da su, tana goya su. Shi sai dai "kai". Ranar da ya zo na ɗaya a jami'a, baƙi suka cika gida suna yaba shi, ta tashi ta shige ɗaki. Ya san al'adar alkunya, ya san uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari ba ta nuna masa so a gaban mutane. Amma ya kasance yana ce wa ransa: mace mai ilimi irin nata, wadda ta koya wa ƙarfe magana, in da akwai wani abu a zuciyarta ai da ta sami hanyar faɗa. Har ta koma ga Allah bai ji ba.

Al'adarsa ce duk Laraba bayan azahar ya je ya gaida Iya Hansatu a unguwar Masaƙa. Ya tarar da ita a tsakar gida tana gyaran zogale, shekarunta saba'in da takwas, bakinta kuwa bai tsufa ba.

"Ukasha, wannan fuska fa? Kamar wanda aka ƙwace wa tuwo. Matar taka ce ta kore ka?"

"Aiki ne, Iya."

"Kullum aiki. Adda ma haka ta ƙare, tana magana da ƙarafa mutane na jiranta. Zauna ka ci ɗanwake."

Ya zauna a bakin tabarma. Bai iya ci ba, sai ya ciro allonsa ya sake kunna bidiyon zauren, karo na wajen hamsin. Muryar ta fito a hankali: "A kira min mutumin nan."

Iya Hansatu ta saki zogalen. "Na'am, Adda," ta ce, kafin ta san ta faɗa. Sai ta dafe ƙirji. "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kai, yaron nan, ka tsorata ni. Mayar min in ji."

Ya mayar. Ta matso da fuskarta kusa da allon, ta ga na'urar ta sunkuyar da kai ta juya hagu.

"Da ni take," in ji ta. "Wallahi da ni take. A hagunta nake zama. In tana son ganinka ba za ta kira ka ba, sai ta yi ƙasa da kai haka, ta ce, Hansatu, a kira min mutumin nan. Ni kuwa in fita in kwarara maka kira har maƙwabta su ji. To ina wanda aka ajiye mata a wurin? Na ga bango take yi wa magana."

"Babu kowa, Iya. Asibitin ba shi da ma'aikaci a zaure."

"To wa zai kira mata? Kai ma dai! Ka bar baiwar Allah tana roƙon bango?"

Ukasha ya ce, "Iya, in ta damu da ganina, me ya sa ba ta taɓa nunawa ba?"

Tsohuwar ta harare shi. "Sau nawa kake tsammanin na kira ka don raɗin kaina? Ni ina ruwana da ko ka ci abinci? Ita ce. Kana shigowa ta kau da kai, ta kalle ka ta gefen ido, kana fita ta ce min ka rame. Lokacin da ka yi ƙyanda, kwana tara tana zaune a bayan ƙofar ɗakina, ba ta shiga ba, ba ta tafi ba. Haka aka tarbiyyantar da mu. Ban ce maka daidai ne ba, na ce maka haka ne."

Ya tashi bai ko yi sallama da kyau ba, tana bin sa da faɗa a kan ɗanwaken da ya bari. Ya isa ofis kafin la'asar, ya ce wa Falmata su daina neman suna, su nemi kalmar riƙo, tunda mai riƙonsa ce ake sawa ta kira shi. Nan take ta fito, a cikin ɗabi'ar kira, ƙarƙashin hatimi. Sunan yana wurin, amma da lambobi aka rubuta shi, kowane harafi da lambarsa, shi ya sa lalube bai kama shi ba. Ko da alƙalami mahaifiyarsa ba ta yarda ta rubuta shi ba. Umarnin ya ce: in aka zo kan wannan suna, kada murya ta faɗe shi, a miƙa kiran ga mai riƙo. Mai riƙo kuwa gurbi ne da aka bari a buɗe, an wajabta wa duk ajin da ya gaji Tushe ya faɗi wanda zai zauna a cikinsa. A saman umarnin akwai 'yan layuka irin waɗanda marubuci yake barin wa na bayansa, na'ura ba ta karanta su, mutum kaɗai. Falmata ta fara karantawa a bayyane, sai ta tsaya ta juya masa allon.

Ga abin da aka rubuta: "Na fara wannan aji ne domin hadimar gidana, da muryata take magana. Ba zan iya jin muryata tana faɗin sunan ba. Na haife shi ranar Laraba da hantsi, ana yayyafi. Wanda ya gaji wannan aji, na roƙe shi don Allah ya cika gurbin mai riƙo, kada wani mai sunan ya wulaƙanta saboda ni. Allah Ka tsare min shi, Ka sa ya fi ni."

Suka duba ajin tasha, da na kasuwa, da na makaranta. Ɗaliban Injiniya Ramlatu ne suka rubuta su, kuma kowannensu ya cika gurbin, wani da ma'aikacin da ke kusa, wani da lasifika mai wata murya. Aji ɗaya ne kawai a duk birnin gurbinsa yake fanko, shi ne na Ukasha. Ya tuna ma ranar: na'urar haɗa umarni ta yi masa gargaɗi cewa akwai gurbin da ba a cika ba, ana gobe buɗe asibiti, ya kashe gargaɗin bai karanta ba.

Ya daɗe yana kallon allon. Hadimar ofis ta shigo da shayi, ta yi sallama, ta miƙa wa Falmata tana cewa, "Injiniya Falmata, ga naki." Da ta zo gabansa sai ta sunkuyar da kai, ta ajiye kofin ba ta ce komai ba. Shekara da shekaru hadimai suna yi masa haka, yana ɗauka girman kujerarsa ne.

Falmata ta tashi ta ba shi wuri. A bakin ƙofa ta ce, "Ɗan Fulani, in za ka yi kuka ka yi, ba zan faɗa wa Barebari ba."

Ranar Alhamis bayan la'asar majalisa ta zauna. Shugabanta, Alhaji Maidugu, mutum ne mai son a yi abu a gama, kuma shi ya yi tsayin daka sai an gina asibitin da ba ya bukatar ma'aikacin zaure. Ukasha ya miƙe ya bayyana komai, bai ɓoye gargaɗin da ya kashe ba.

Alhaji Maidugu ya ce, "Wato birni guda, da asibitinsa, ya tsaya a kan kunyar mace ɗaya?"

"Ranka ya daɗe, ta yi kuskure da ta bar al'amarin gidanta a cikin abin da kowa zai gada. Ban musa ba, Allah Ya yafe mata. Amma ta san da kuskuren, ta bar ƙofa, ta rubuta roƙo a kanta. Ni ne na toshe ƙofar. In akwai wanda za a cire, ni ne, ba Tushe ba."

"Ba cire ka muke nema ba. Mabuɗin hatimin yana hannun majalisa, mahaifiyarka ta bar mana shi amana. Ga shi. A fasa hatimin, a share layukan nan, muryar ta faɗi kowane suna, magana ta ƙare. In an yi haka mun bar Tushe." Ya ɗan sassauta murya. "Kai ma ka ji sunanka a bakin mahaifiyarka, ko da sau ɗaya."

Aka ajiye mabuɗin a gabansa, wani ɗan ƙarfe kamar ƙwayar dabino. Allah ne kaɗai Ya san abin da ya ratsa zuciyar bawan nan a wannan lokaci. Abin da ya nema tun yana yaro ne aka ajiye masa a kan tebur, kuma aikin bai fi na minti biyar ba. Ya kai hannu ya taɓa shi, sannan ya tura shi gaban shugaba.

"Ranka ya daɗe, hatimin ɗaya ne. Shi ya riƙe kira, shi ya riƙe sallama da hannun dama da suturta tsofaffi. In aka fasa shi yau, gobe wani mai gaggawa irina zai ga sallama tana ɓata masa daƙiƙa uku, ya cire ta. Sannan kuma abin da ta rufe tana raye, ba ni zan buɗe shi tana kabari ba. A bar ni in cika gurbin. Layi biyu ne."

"Da lasifika?"

"Lasifika za ta yi aiki. Amma a asibiti ina roƙon a sa mutum."

Zauren ya ɗauki hayaniya, domin wannan shi ne rushe abin da aka yi alfahari da shi. Sai Falmata ta nemi izini, ta ce akwai wanda ya fi kowa haƙƙin magana. Ta kunna babban allo, sai ga Malam Ukasha Maitaru a gadon asibiti, an jingina shi da matashi, ya sami sauƙi. Aka yi masa bayani da ƙarfi saboda kunnensa. Ya yi dariya har ya yi tari.

"Wanne ne takwaran nawa? Kai ne? To, takwara, ai da na ji abin da take cewa da na tashi. Ni ma ɗan fari ne. Tsohuwata har ta rasu mutumin nan take ce min. Kunne ne ya ci amanata." Ya numfasa. "Ranku ya daɗe, ni ban riƙe na'ura a zuciya ba. Abin da ya tsaya min shi ne, kwana uku ina zaune a wuri ɗaya, babu wanda ya zo ya ce, baba, kai fa me kake jira?"

Alhaji Maidugu ya ɗauki mabuɗin ya juya shi a tafin hannunsa, ya mayar cikin akwatinsa ya rufe. Ya ce, "A bar Tushe. A sa kujera a zauren." Aka kaɗa ƙuri'a, mutum biyu ne kawai suka ƙi.

Da safiyar Juma'a aka kai tebur da kujera aka ajiye a hagun hadimar kira. Kafin a ɗauki ma'aikaci, Iya Hansatu ta aiko cewa ranar farko tata ce, domin aikinta ne tun kafin a haifi masu asibitin. Ta zo da lulluɓinta da carbinta da goro a ƙulle a gefen zane, ta zauna tana duban mutane ɗaya bayan ɗaya. Kafin a yi awa guda ta gano wata mata da ba ta amsa sunan da ke katinta saboda sunan surukarta ne, da wani kurma, da wani da zazzaɓi ya kwantar a bayan ginshiƙi. Babu ɗayansu da hatimi ya shafa, kuma babu ɗayansu da na'ura za ta lura da shi.

Saura gwaji. Ukasha ya sa sunansa a layi kamar kowane marar lafiya, ya je benci na ƙarshe, inda masuncin ya zauna, ya jira. Aka kira mutum goma sha ɗaya. Sannan hadimar ta yi shiru, ta sunkuyar da kai, ta juya hagu.

"A kira min mutumin nan."

Iya Hansatu ta ajiye carbi, ta miƙe da ƙyar tana dafa tebur, ta ɗaga murya yadda ta saba shekara arba'in da suka wuce, har na bakin ƙofa suka waiwayo.

"Ukasha! Kai Ukasha! Adda na kira!"

Babban injiniyan birnin ya miƙe, furfura a gemunsa, hawaye suna sauka a kanta. Ya ce, "Na'am." Ya ratsa tsakanin bencina ya zo gaban na'urar, ya durƙusa kamar yadda ɗa yake durƙusa wa uwa, alhali ya fi kowa sanin ƙarfe ne da waya a gabansa, kuma wadda yake gaisarwa tana inda sai addu'a take isa. Ita kuwa hadimar ba ta ɗago kai ba sai da ya tashi.

Daga wannan shekara aka sa doka a makarantar injiniyoyi ta Dausayi cewa babu ɗalibin da zai gaji wani aji sai ya karanta shi daga farko har ƙarshe, har da layukan da na'ura ba ta karantawa. Kujerar nan kuma tana nan a hagun hadima, ba a sake barin ta fanko ba.

Ya Allah, Ka jiƙan iyayenmu mata da suka so mu a ɓoye, da waɗanda suka riƙe mu a madadinsu, Ka yafe musu kurakuransu, Ka haskaka kaburburansu da na dukkan Musulmin da suka riga mu. Wanda ya karanta wannan kuma, Ka ba shi ikon sanin abin da aka bar masa tun masu barin suna da rai, Ka sa ya bar wa na bayansa abin da ba zai cutar da su ba, Ka kira shi da mafi kyawun sunansa ranar da za a kira kowa. Amin.